Motar da Batirinta Ke Mutuwa Duk Safiyar Litinin: Yadda Aka Bi Sawun Matsalar

Motar da wannan nazari ya shafa ƙarama ce ƙirar Japan, mai silinda huɗu da inji lita 1.8, giyarta atomatik, irin motocin nan na hannu da suka cika titunan Arewa. Mai ita ma'aikacin gwamnati ne a Kano wanda tafiyarsa daga gida zuwa ofis ba ta wuce minti ashirin ba, kuma al'adarsa ce ya ajiye motar bayan an sauko Juma'a, ba ya sake taɓa ta sai safiyar Litinin, domin zirga-zirgar Asabar da Lahadi a kan babur yake yin ta. Kokensa shi ne, daga Talata zuwa Juma'a motar tana tashi, ko da yake kik yana juya inji da nauyi, amma duk ranar Litinin da ya murɗa makulli sai fitilun dashbod su dushe, a ji ƙas-ƙas-ƙas a jere daga wajen kik, inji kuwa ko motsi ba ya yi.

Abin ya fara ne cikin hunturu, saboda haka aka ɗora laifin a kan sanyi da tsufan batir. Aka sayi sabon batir mai amfiya-awa 62, wato awon yawan wutar da batir yake iya ajiyewa, motar ta yi 'yan makonni tana tashi, sannan ciwon ya dawo yadda yake. Daga nan aka koma kan kik, aka kwance shi aka sa masa sababbin buroshi, ba a ga wani canji ba. Wani bakanike kuma ya cire kan batir inji yana aiki, da ya ga motar ba ta mutu ba sai ya yanke hukuncin cewa altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan inji yana aiki, lafiyarta ƙalau. Tun da motar atomatik ce ba a tura ta, dabarar kowace Litinin ita ce a ari batirin maƙwabci a ɗora, a tayar da inji, a zare shi yana cikin aiki a mayar da mataccen, wani lokaci kuma da yamma a kai shi wurin mai caji ya kwana.

Zancen sanyi tun farko ba shi da ƙarfi. Ƙarfin tayar da inji da ake rubutawa a jikin batir ana auna shi ne a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, alhali asubahin hunturun Kano ba ya kusantar ko sifilin. Iyakar abin da irin wannan sanyi yake yi shi ne ya tona asirin batirin da dama ya raunana. A ƙasarmu zafi ne ya fi cin batir, domin zafin Maris da Afrilu, wanda yakan kai digiri 40, yana ƙone ruwansa yana kuma hanzarta cinyewar farantan da ke cikinsa. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa cikin koken shi ne ranar Litinin. Matsalar da ta zaɓi ranar da ta biyo bayan doguwar ajiya matsala ce da ke da alaƙa da tsawon lokacin da mota take a kashe, kuma hakan yana nufin ɗayan biyu: ko batirin ne yake zubar da wutarsa da kansa, ko kuma akwai abin da ke zuƙar ta cikin motar bayan an zare makulli.

Awon batirin

Mai wayarin ɗin da aka kai wa maganar a ƙarshe ya nemi kada a taɓa motar ranar Litinin, ya zo gida da mitarsa ya same ta a halin da ta kwana. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin da zarar an tayar da inji altaneta takan lulluɓe batir da cajin sama-sama wanda ke yaudarar mita. Mita ta nuna volt 11.7. Batirin mota yana da ɗakuna shida, kowanne yana ba da kimanin volt 2.1, don haka cikakken batir da ya huta yana nuna 12.6. Idan ya nuna 12.4 saura kusan kashi uku cikin huɗu, 12.2 kusan rabi ke nan, wanda ya sauka ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Mutane da yawa suna ganin 12 a mita su ce batir ya cika, tun da an ce mai volt 12 ne, alhali a wannan matsayi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Awon ya tabbatar da cewa batirin ya sauka, amma bai faɗi dalili ba. Sai aka cire shi daga motar aka ɗora shi a caji mai sauƙi na kimanin amfiya 6, wato kashi ɗaya cikin goma na girmansa, har ya cika, sannan aka ajiye shi kwana guda ba a haɗa shi da komai ba. Washegari ya nuna tsakanin 12.5 da 12.6, wanda ya kore zargin cewa shi ne yake zubar da wutarsa. Da ɗaya daga cikin ɗakunansa ya haɗe daga ciki, da an gan shi ya faɗo wajen 10.5. Bayan haka aka ɗora masa nauyi da na'urar gwaji. Ƙa'idar wannan gwaji ita ce a ja rabin ƙarfin tayarwar da aka rubuta a jikinsa na tsawon daƙiƙa 15, kuma kada ya sauka ƙasa da volt 9.6. Wannan ya tsaya a 9.9. Ya tsallake, amma da ƙyar, kuma wannan rauni ne babba ga batirin da bai shekara ba.

Dalilin raunin yana cikin yadda aka ƙera shi. Farantan batirin mota na darma ne da ke nutse cikin ruwan asid, kuma duk lokacin da batir ya ba da wuta wani farin gishiri yakan hau kansu, caji ne yake narkar da shi. Idan aka bar batir a sauke kwana biyu ko uku gishirin yakan daskare ya yi tauri, caji ya kasa narkar da shi duka, wannan ɓangare na farantin ya tashi daga aiki. Farantan batirin mota sirara ne, an yi su ne don su ba da wuta mai yawa cikin 'yan daƙiƙu a mayar musu nan take, ba kamar na batirin sola ko inbata ba waɗanda aka yi masu kauri domin su jure sauka da hawa kullum. Kowace Litinin da batirin nan ya wayi gari a 11.7, wani abu ya ragu daga ƙarfinsa wanda ba ya dawowa.

Aka mayar da shi cikin motar aka tayar da inji domin a ga caji. Mita ta nuna 13.9, wanda yake cikin iyakar da ake so, wato tsakanin 13.8 da 14.5, kuma fitilar batir ba ta kama a dashbod ba. Amma da aka kunna manyan fitilu da na'urar sanyaya mota da fanka sai ta sauko 13.1, ko da an ɗan taka totur ba ta koma sama ba. Fambel bai saki ba. Mai wayarin ya riƙe wannan a ransa, ya wuce zuwa awon da ya fi cin lokaci.

Neman inda wuta ke zurarewa

Babu motar zamani da wuta ke tsayawa cak a cikinta idan an kashe ta. Agogo da ƙwaƙwalwar rediyo da kwamfutar inji da na'urar buɗe ƙofa daga nesa duk suna ɗan lasar wuta, kuma an yarda cewa jimillar wannan bai kamata ta wuce miliamfiya 50 ba, wato amfiya 0.05. Domin a auna ta, sai a mayar da jar wayar mita ramin amfiya 10, a kwance kan batir na nagetif, a sanya mita tsakanin sandar batir da wayar da aka cire, yadda duk wutar da ke fita dole ta ratsa ta cikinta. Nagetif ake fara kwancewa kullum, domin idan sifana ta taɓa jikin mota a wannan gefe babu tartsatsin da zai tashi, batir kuma yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Haka nan ba a murɗa makulli mita tana haɗe a wannan yanayi, don kik yana jan amfiya fiye da ɗari, fis ɗin mita zai ƙone nan take.

An buɗe ƙofar direba domin a iya kaiwa ga akwatin fis na ciki, amma an danna harshen makullin ƙofar da sukundireba don motar ta ɗauka a rufe take, an kuma duba fitilar but da ta aljihun gaba, waɗanda sau da yawa sukan kwana a kunne ba wanda ya sani. Da farko mita ta nuna amfiya 1.4. Wannan ba abin tsoro ba ne, domin kwamfutocin mota ba sa barci nan take, wasu motocin sai sun yi rabin awa ko fiye. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ga matsala inda babu ita. Aka jira. Bayan rabin awa awon ya sauka zuwa 0.68 ya tsaya nan, bai ƙara motsi ba.

Lissafin da ya biyo baya ya bayyana duk abin da mai motar yake kuka a kai. Amfiya 0.68 cikin awa 24 ya haura amfiya-awa 16. Daga la'asar ɗin Juma'a zuwa safiyar Litinin kimanin awa 64 ne, wanda ya kama amfiya-awa 43 da ɗoriya, daga batirin da ko yana sabo fil 62 yake ɗauka. Cikin mako kuwa, tafiyar minti ashirin safe da yamma a cunkoson gari, da na'urar sanyaya mota a kunne, iyakarta ta mayar da wani abu daga cikin abin da aka zuƙe, shi ya sa motar take tashi amma da nauyi. Batirin yana isa Juma'a ne a rabin ƙarfinsa, ƙarshen mako ya ƙarasa shi.

Sai aka shiga zare fis ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita. A motocin da suka fi wannan yawan kwamfutoci an fi son a auna 'yar tazarar wutar da ke tsakanin kunnuwa biyu na kowane fis ba tare da an zare shi ba, domin zarewa da mayarwa takan farkar da abin da ya yi barci, amma wannan mota ba ta da wannan rikici. Da aka zare fis ɗin rediyo awon ya faɗo daga 0.68 zuwa 0.59. An taɓa cire rediyon asali an sa allon Android, kuma da aka zaro shi sai aka tarar wanda ya haɗa ya murɗe waya ja da ruwan ɗorawa wuri guda. A tsarin irin waɗannan rediyoyi, ruwan ɗorawa ita ce mai wuta kullum don riƙe ƙwaƙwalwa, ja kuma ita ce ke samun wuta idan an murɗa makulli kaɗai, ita ke shaida wa na'urar lokacin kashewa. Da aka haɗe su, fuskar allon takan yi duhu idan an danna maɓalli, amma cikinsa yana nan a farke yana jan miliamfiya 90.

A ganina wannan ne wurin da aka fi yin tuntuɓe a irin wannan aiki. An sami laifi na zahiri wanda ido ya gani, mai mota ya gamsu, kuma abu ne mai sauƙi a gyara waya a karɓi kuɗin aiki a sallame shi. Amma miliamfiya 90 cikin awa 64 bai kai amfiya-awa 6 ba, ba zai kashe batir a ƙarshen mako ba. Da shi kaɗai ne, sai an ajiye motar kusan mako biyu kafin a ji a jika. Mita tana nan tana nuna 0.59, kuma har aka zare fis na ƙarshe a akwatin ciki da na ƙarƙashin bonet, aka bi rile, wato ƙananan makunnan da wuta ke kunnawa da kashewa, ɗaya bayan ɗaya, lambar ba ta girgiza ba.

Idan aka zare dukkan fis wuta ba ta daina fita ba, to, hanyar da take bi ba ta ratsa ta cikinsu. Manyan wayoyi biyu ne suke da wannan hali: wadda ta tafi kik, da wadda ta tafi altaneta. Ita ta altaneta tana da nata babban fis, amma ɗaure yake da noti, ba ya zaruwa da hannu. Aka fara cire ƙaramin soket na bayan altaneta, babu canji, wanda ya nuna ba na'urar daidaita caji ce ta maƙale a kunne ba. Sannan aka raba batir da motar gaba ɗaya, domin kakkaurar wayar nan a raye take ko da mota a kashe, aka kwance ta daga altaneta aka naɗe bakinta da tef, aka sake haɗa mita. Bayan motar ta yi barci awon ya tsaya a 0.03. Altanetar da aka ce lafiyarta ƙalau ita ce take shanye amfiya 0.56 dare da rana.

Altaneta tana samar da wuta mai kai-komo ne daga naɗin waya uku, batir kuwa ba ya karɓar sai wadda ke bin hanya ɗaya. Aikin miƙar da ita na wasu ƙananan abubuwa ne da ake kira dayod, aƙalla guda shida, kowanne yana barin wuta ta wuce gaba ya hana ta komawa baya. Su ne kuma suke tsare batir idan inji ya tsaya. Idan suka lalace sai wutar batir ta sami hanyar komawa cikin naɗin wayar ta zarce jikin mota. Sauran masu lafiyar suna ci gaba da aiki, shi ya sa mita take nuna 13.9 idan ba nauyi, amma ƙarfin altanetar ya ragu, kuma wannan ne ya sa ta durƙushe zuwa 13.1 da aka kunna fitilu. An ƙara tabbatarwa ta hanyar juya mita zuwa awon wuta mai kai-komo inji yana aiki, ta nuna volt 0.7, alhali lafiyayyar altaneta tana ƙasa da rabin volt nesa ba kusa ba. Da aka kwance ta a kan benci aka gwada dayod ɗin ɗaya ɗaya, masu lafiyar sun nuna kusan 0.5 ta gefe guda, ta ɗaya gefen ba su nuna komai ba, amma aka sami ɗaya yana wucewa ta kowane gefe, wani kuma yana yoyo.

Abubuwan da aka sani suna kashe dayod su ne juya kan batir wajen jona waya, da zafin da altaneta ke ɗauka idan aka bar mata aikin cika mataccen batir, da kuma raba batir da mota inji yana aiki. Batir shi ne yake haɗiye duk wani tsallen wuta, kuma idan aka zare shi altaneta tana tsakiyar caji, ƙarfin wutar yakan yi tsalle na ɗan lokaci ya ninka volt 14 sau da yawa, abin da kan iya ƙona dayod har ma da kwamfutar inji. Da aka matsa wa mai motar da tambaya sai ya tuna cewa 'yan makonni kafin ciwon ya fara ya taɓa barin fitilu a kunne a wurin ɗaurin aure, batir ya mutu, aka tayar da motar da batirin aro aka sauya inji yana aiki. Ke nan akwai kyakkyawan dalilin ɗaukar cewa tsohon batirin da aka yar ba shi da laifi, an bar jaki ne ana dukan taiki, kuma dabarar da ake yi kowace Litinin, tare da gwajin da bakaniken nan ya yi, ƙara wa altanetar rauni suke yi. Gwajin cire kan batir gado ne daga zamanin motocin da ba su da kwamfuta, kuma ko a wannan mota amsar ƙarya ya bayar.

Nauyin kik

Saura tambaya ɗaya da zurarewar wuta ba ta amsa ba. Ko a ranar da aka ɗora batirin a cike, kik yana juyawa da ɗan nauyi, duk da sababbin buroshi. Aka cire fis ɗin famfon mai don kada inji ya kama, aka auna kan sandunan batir ana murɗa makulli, aka ga 10.6, wanda ba laifi. A jikin kik kuwa 9.4 ne yake isa. Volt 1.2 yana ɓacewa a hanya. Aka sa wayar mita ɗaya a sandar fositif ɗaya a notin kik, aka murɗa, ta nuna 0.3, wanda yake ƙasa da rabin volt da ake yarda da shi. Aka koma tsakanin sandar nagetif da jikin inji, ta nuna 0.9, inda bai kamata ya wuce 0.2 zuwa 0.3 ba.

Kakkaurar wayar da ke ɗaure nagetif da inji ce ta lalace. Silin da ke cikinta da yawa sun tsinke a bakin kunnenta, sauran sun yi kore, notin kuma an ɗaure shi a kan tsatsa. Idan aka gwada irin wannan waya da awon om, wato awon yadda waya take tauye wutar da ke ratsa ta, za ta nuna lafiya, kuma dalilin yana cikin lissafi. Kik ɗin inji mai silinda huɗu yana jan kimanin amfiya 150, idan aka raba 0.9 da 150 za a sami om 0.006, adadin da ya gaza na wayoyin mitar kansu. Sili ɗaya da ya rage ya isa ya sa mita ta yi ƙarar da ke nuna waya ba ta tsinke ba. Ba a ganin irin wannan rauni sai lokacin da wuta mai yawa take ƙoƙarin wucewa, kuma a lokacin wurin yakan ɗauki zafin da ya kai wat 135, hannu ma yana jin sa.

An sauya farantin dayod ɗin altanetar maimakon a sayi wata ta hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa, domin naɗin wayarta da boris ɗinta ba su sami matsala ba. Wanda ya zaɓi sayen ta hannu, ya dace ya je da mita ya gwada tsakanin babban notinta da jikinta kafin ya biya, ya tabbatar wuta na wucewa ta gefe guda kaɗai. An raba wayoyin allon rediyo aka kai jar inda makulli ke ba ta wuta, an sa sabuwar wayar nagetif bayan an kankare mazauninta har ƙarfe ya fito fari, an wanke kawunan batir aka shafa musu giris. Bayan gyara caji ya tsaya a 14.2, da dukkan fitilu da na'urar sanyaya mota a kunne bai sauka ƙasa da 13.8 ba. Asarar gefen nagetif ta koma 0.15, zurarewar wuta kuma amfiya 0.03, wato ƙasa da amfiya-awa 2 a tsawon ƙarshen mako. Litinin ta gaba mita ta nuna 12.5 kafin a murɗa makulli, motar ta tashi a bugu ɗaya.

Batirin dai an bar shi a motar, tun da ya tsallake gwajin nauyi, amma an shaida wa mai ita cewa ba zai yi tsawon ran da ya kamata ba, kuma tafiyarsa ta minti ashirin ba ta cika shi, don haka ya riƙa kai shi caji mai sauƙi lokaci zuwa lokaci ko ya riƙa yin tafiya mai ɗan nisa. An tsayar da cewa za a sake ɗora masa nauyi kafin zafin Maris ya shigo, idan ya sauka ƙasa da 9.6 a sauya shi.